Iskar Ɗakin Tiyata da Fadamar Gulma

Wani manomin Gulma, wanda ambaliyar 2020 ta cinye wa shinkafa a fadamar Rima, ya kai maiɗakinsa wani asibiti a Birnin Kebbi domin a yi mata tiyata a ciro jariri. Ya zaci za a kifa mata abin shaƙa a hanci ta yi barci. Ashe allura aka yi mata a gadon baya, daga ƙugu zuwa ƙafa ya mutu, tana farke har ta ji kukan ɗanta. Shi kuwa ya ɗauka an yi musu rowar magani ne don su talakawa ne.

Abin da bai sani ba shi ne, iskar sa barci ba ta ƙarewa a jiki. Majinyaci yakan numfasar da kusan dukkanta, ta bi sararin samaniya tana tare zafi. Wadda ake kira desfuluren, kilo guda nata ya yi daidai da kilo wajen 2,500 na iskar kabon a ɗumama duniya, alhali sebofuluren bai kai 200 ba. Dalili ke nan Sikotilan ta daina amfani da desfuluren a 2023. Naitiros okusaid kuwa takan haura shekara 100 a sama, kuma a asibitoci da dama ta bututu mai yoyo take zurarewa, ba ta kai ga hancin kowa ba.

Gaskiya ne rabon ɗakin tiyata cikin wannan ɓarna kaɗan ne, kuma ba kowane aiki allurar baya ke ɗauka ba; lafiyar majinyaci likita ke fara dubawa.

Har ranar suna manomin na mitar rowar nan, yana kuma tambayar masunta ko ruwan gulbi ya ƙaru.