Takalmin taya a Sabon Ibadan: A duba maɗauri kafin a duba launi

Hutun makaranta ya kai ni Ibadan, gidan goggona da ke unguwar Sabo, kuma na dawo da wani darasi da nake ganin zai amfani iyaye.

Idan ka baro shataletalen Mokola ka shiga Sabo, sai ka rantse Kano kake. Ga masu canjin kuɗi a bakin titi, ga teloli suna surfanin manyan riguna, ga ƙamshin tsire da yamma. Tun 1916 aka keɓe wa Hausawa wannan unguwa, lokacin da fataucin goro da shanu ke kan ganiyarsa. Sai dai Ibadan garin tuddai ne. Lunguna da yawa gangara ce, ga lambatu a buɗe, ga 'yan acaba. A irin waɗannan lunguna na ga yara suna tsere da takalmin taya.

Da na isa gida, na tarar da jikan Goggo mai shekara goma da filasta a hannu. Ta ce, "Ke 'yar nan, takalmin Sallah ne ya ja masa. Sati biyu kacal, igiyar ta tsinke yana cikin gangara." Ya faɗi ya dafa ƙasa, ƙashin wuyan hannu ya tsage. Kuɗin hoto da magani ya ninka kuɗin takalmin. Araha ba ta ado, in ji Hausawa.

Ƙanensa ya kafe sai an saya masa nasa, don haka na ja shi muka tafi wurin wani mai gwanjo a hanyar Mokola. Yaro ya miƙa hannu kan wani ja mai walƙiya. Na ce, "Malam, bari in ga maɗaurin." Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ke ce ta farko yau da ta tambayi wannan."

A ƙasashen sanyi irin su Kanada, masu zamiya a kan dusar ƙanƙara da allo, wasan da ya shiga gasar Olamfik a 1998, sukan zaɓi abin da ke ɗaure ƙafa da allon daban, su bincike shi da kyau, domin da shi ake juyawa, da shi ake tsayawa. Haka abin yake ga takalmin taya. In ƙafa tana rawa a ciki, yaro ba zai iya sarrafa shi ba.

Ga abin da na duba. Takalmi mai kyau yana da ɗauri uku: igiya, maɗauri a kan tafin ƙafa ta sama, da maƙala mai haƙora a idon sawu. Ki lanƙwasa robar maƙalar. In kika ga farin layi ko tsagewa, rana ta cinye ta, ki ajiye. Ki duba ko da kusa mai juyawa aka ɗaura ta, domin ita ake iya kwancewa a sauya. Maɗaurin zare ko na fata, mai gyaran takalmi a Sabo zai ɗinke shi da kuɗi kaɗan, amma gindin da ya fashe ba ya gyaruwa. Yaro ya sa da safa, ya tsaya, ya durƙusa kaɗan. Dunduniya kada ta ɗaga. Taya ta zama ta roba mai ɗan taushi, ba busasshiyar da ke ƙara kamar gwangwani ba, kuma a tabbatar birkin dunduniya bai cinye ba. Mai wasan yamma kawai ba ya bukatar na 'yan gasa. Wanda ake ƙara wa tsawo ya fi, don zai bi girman ƙafa.

Mun ɗauki wani baƙi marar ado, muka cika da hular kwano da kariyar wuyan hannu da ta gwiwa. Wuyan hannu na cikin wuraren da suka fi karyewa a wannan wasa. Washegari muka kai shi shimfiɗaɗɗen wuri kusa da filin wasa na Lekan Salami da ke Adamasingba, wanda a da filin sukuwa ne. Nan ya fara koyon tsayawa kafin gudu.

Idan yaro ya faɗi, a naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora minti 15 zuwa 20, a ɗaga hannun, a ba shi farasitamol daidai da nauyinsa. Kada a ba ɗan ƙasa da shekara 16 asfirin, kada a murza wurin da man zafi. In hannu ya karkace, ko yatsu sun yi sanyi ko sun mutu, a tafi asibiti a ɗauki hoto. In ya bugu a kai yana amai ko barci mai nauyi, kada a jira gari ya waye.

Ranar da zan taho, Goggo ta kafa doka: ba mai sa takalmin taya a gangaren ƙofar gidanta. Allah Ya tsare mana yaranmu. Sai mako mai zuwa.