Dasashi Ma Yana Cikin Lissafin Ciwon Sukari

Idan aka tabbatar wa mutum yana da ciwon sukari, akwai gaɓoɓin da ake yi masa kashedi a kansu tun ranar farko: ido, ƙoda, zuciya, jijiyoyi da ƙafa. Da wuya a ambaci baki. Mai ciwon kan shafe shekaru yana auna sukarinsa, yana kiyaye cimarsa, yana duba tafin ƙafarsa kafin ya kwanta, amma in ya tofar da jini lokacin goge baki sai ya ɗora laifin a kan taurin buroshi. Alhali sau da yawa wannan jini daga cutar da yake fama da ita ya samo asali.

Masana sun daɗe da lura da haka. A shekarar 1993, Harald Löe, wanda a lokacin yake shugabantar cibiyar binciken haƙori ta ƙasar Amurka, ya kira cutar dasashi illa ta shida ta ciwon sukari, bayan biyar ɗin da likitoci suka saba lissafawa. Daga cikin hujjojinsa akwai binciken da aka yi a kan ƙabilar Pima ta jihar Arizona, wadda ciwon sukari nau'i na biyu ya yi wa katutu. An gano cewa masu ciwon a cikinsu sun fi sauran kamuwa da cutar dasashi da kusan ninki uku.

Cutar dasashi kan fara ne daga dauɗar da ke taruwa a gindin haƙori, inda ƙwayoyin cuta ke hayayyafa. A jikin mai lafiya, fararen ƙwayoyin jini sukan taru su ci ƙarfinsu. Idan sukari ya daɗe yana hawa, waɗannan dakaru sukan yi sanyi, ƙananan jijiyoyin jinin da ke ciyar da dasashi su yi kauri, naman da ya lalace kuma ya yi jinkirin farfaɗowa. Sai kumburi ya zarce iyakarsa, ya shiga cin naman da ke riƙe da haƙori, daga nan ya kai ga ƙashin muƙamuƙi. Abin tsoro shi ne yawancin wannan ɓarna ba ta zuwa da zafi. Kafin haƙori ya fara girgiɗa, ƙashi mai yawa ya riga ya zaizaye, kuma ba kasafai yake komawa yadda yake ba.

Cutar ba ta tsayawa a baki. Dasashin da ya kumbura tamkar gyambo ne da ke buɗe dare da rana, yana tura sinadaran kumburi cikin jini. Waɗannan sinadarai suna rage wa jiki jin insulin, sai sukari ya ƙi sauka ko da ana shan magani yadda aka tsara. Kowace cuta tana rura wutar 'yar'uwarta ke nan. Amma a nan ne kuma ake samun mafita. A shekarar 2022, ƙungiyar Cochrane, mai tattara sakamakon gwaje-gwajen likitanci, ta nuna cewa wanke ƙarƙashin dasashi a wurin likitan haƙori yana rage ma'aunin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sukari na kusan wata uku, da kimanin maki 0.4 bayan wata uku zuwa huɗu. Ga wanda yake fafutukar saukowa daga 8 zuwa 7, wannan ba ragi ne da za a raina ba.

Akwai wasu matsalolin bayan dasashi. Hawan sukari yana jawo yawan fitsari, jiki ya rasa ruwa, miyau ya ragu. Miyau kuwa shi ne ke wanke ragowar abinci, yana kashe kaifin tsamin da ke huda haƙori, don haka busasshen baki ya fi saurin yin kogo. Haka nan funfunar da ake kira kandida tana samun wurin zama, ta fito fari-fari a harshe da cikin kunci, musamman ga masu sa haƙoran roba. Sannan idan turame suka zube, tauna ta gagara, mutum yakan bar nama, ganye da gyaɗa, ya koma ga koko mai sukari da burodi da shayi, wato ainihin abincin da ke ɗaga sukari.

Kariya ba ta da tsada: goge baki sau biyu a rana da man da ke ɗauke da fulorayid, tsabtace tsakanin haƙora, barin taba, da zuwa duba baki aƙalla sau ɗaya a shekara tun babu ciwo. Asuwaki yana da amfani, muddin yana kaiwa ga haƙoran ciki. Ranar ganin likitan haƙori, ya kamata mai ciwon ya bayyana cutarsa da magungunansa da sakamakon awonsa na ƙarshe, ya nemi lokacin safe, ya karya kumallo, don kada sukari ya faɗi yana kan kujera. Cire haƙori a hannun masu yawo da awartaki a kasuwa haɗari ne ga kowa, balle ga wanda rauninsa ke jinkirin warkewa.

Saura nauyin da ke kan ma'aikatan lafiya. Fiye da rabin masu ciwon sukari a Afirka ba su san suna da shi ba, kuma wasunsu ciwon baki ne zai fara kai su asibiti. Magidancin da ƙurjin dasashi ke yawan dawo masa, bakinsa na bushewa, haƙoransa na girgiɗa ba tare da dalili ba, ya cancanci a auna sukarinsa kafin a sallame shi. Likitan da ke duba ƙafar mai ciwon sukari kuma, ba zai ɓata fiye da minti ɗaya ba idan ya ce masa ya buɗe baki.