Ɗigo Ɗaya Da Ya Ɓatar Da Kalmomi 400

A shekararmu ta uku, malaminmu ya ba mu aikin tattaro kalmomin sana'o'i daga bakin Hausawan da ke zaune a garin nan, wato mahauta da 'yan goro da 'yan canji. Da yake ina ɗan taɓa kwamfuta, sai 'yan aji suka ɗora mini nauyin haɗa 'yar manhaja a intanet wadda kowa zai riƙa zuba abin da ya samo. Ni kuwa na ce ai babu mutum biyu masu adireshin imel ɗaya, don haka na mayar da shi shaidar kowa a rumbun bayanai. Ka rubuta adireshinka, a aiko maka da mabuɗin shiga, shi ke nan.

Ranar wata Laraba, saura kwana 6 a miƙa aiki, sai ga wata 'yar ajinmu idanunta sun yi jawur, wai kalmominta sama da 400 sun yi ɓatan dabo. Wata biyu ta yi tana zirga-zirga a mahauta. Gabana ya faɗi.

Sai da na kwana ina bincike kafin na gano. Ashe ran nan ta manta ɗigon da ke tsakanin sunanta da na mahaifinta. Gmail ba ya kula da ɗigo, saƙo ya isa akwatinta lafiya lau, amma manhajata ta ɗauke ta baƙuwa, ta buɗe mata sabon shafi fayau.

Dabarar da ta fara zo mini ita ce in niƙa adireshin da lissafin SHA-256, ya fito da dogon jerin lambobi da baƙaƙe. Aikin banza, mai karatu, domin ɗigo ɗaya in ya sauya, jerin gaba ɗaya ya sauya. Ga kuma abin da ya fi tayar mini da hankali: adireshi yana iya komawa hannun wani. A 2013 Yahoo ta sake raba adiresoshin da aka shekara ba a buɗe ba. Da a manhajata ne, sabon mai adireshi ya gaji kayan tsohon ke nan.

Mafitar tana aljihuna tun ranar da na shigo jami'a: lambar rajista. Ɗalibi ya sauya ɗaki ko ya gyara suna, lambarsa tana nan. A tsarin OpenID Connect, wanda aka kammala a 2014, Google tana ba kowane asusu wata lamba mai suna "sub", wadda ba ta sauyawa ko da an sauya imel. Ni dai UUID na zaɓa, jeri mai alamomi 36 da manhajar ke ƙirƙira wa mutum ranar da ya fara shiga. Imel ya koma wurin aika saƙo kawai.

Da asuba na haɗe mata shafukan biyu, kalmominta suka dawo cif. Ta yi godiya, amma daga ranar duk kalmar da ta samo sai ta fara rubuta ta a littafinta.