Takardar Tara Da Matacciyar Na'ura

A manyan biranen Turai wurin ajiye mota abin haya ne, kamar rumfa a kasuwa. Mai karatu da ya saba da Maraɗi ko Damagaram, inda mutum yakan tsayar da motarsa a gindin itace ya shiga harkarsa, zai yi mamakin jin cewa a can ana sayar da gefen titi awa awa. Wannan dabara daga Amurka ta fito. A watan Yuli na 1935 aka kafa na'urar farko ta karɓar kuɗin ajiye mota a birnin Oklahoma, wani ɗan jarida mai suna Carl Magee ne ya ƙago ta. Nufinsa shi ne kada mota ɗaya ta tare ƙofar kanti tun safe har yamma, masu ciniki su rasa wurin tsayawa.

A Faransa, kafin 2018, wanda bai biya ba yakan sha tarar Yuro 17, kuma haka take a duk faɗin ƙasar. Daga ran 1 ga Janairu na 2018 doka ta sake. Yanzu kowane gari shi ke yanka nasa kuɗin. Hukuma ma ta daina kiran abin hukuncin laifi, ta mai da shi kuɗin wuri da ake bin mutum daga baya. Amma a bakin jama'a sunansa tara, gama zafinsa a aljihu bai ragu ba. A garuruwa da yawa direba yakan buga lambar motarsa a jikin na'ura, ya biya da katin banki ko da tsaba. Sa'an nan wata mota mai ɗauke da kyamara takan zagaya tituna tana karanta lambobi, a gane wanda ya biya da wanda bai biya ba.

Akwai wani mutumin ƙasar Maraɗi da ke zaune da iyalinsa a wani gari na kudancin Faransa. Aikinsa lodin kaya ne a wani babban sito, da dare yake yi. A kakar 2025 ya kai ƙaramin ɗansa wurin likitan ido, bayan sun yi wata huɗu suna jiran ranar. Ya sami wuri a gefen titi, saura minti goma lokacinsu ya cika. Da ya je wurin na'ura sai ya tarar fuskarta baƙa ƙirin. Ya danna, shiru. Ya sa katinsa har sau uku, ba ta motsa ba. Ya duba gabas da yamma bai hangi wata ba. Sai ya ɗauki hotonta da wayarsa, ya rubuta a guntun takarda cewa na'ura ta lalace, ya ajiye a bayan gilashi, ya kama hannun yaro suka shiga. Kyamara kuwa lamba take karantawa, ba ruwanta da wasiƙa. Bayan kwana goma sai ga takarda ta gidan waya: ana binsa Yuro 35.

Bari mai karatu ya auna kuɗin da ma'aunin gida. Yuro ɗaya sefa 655 ne da ƴan kai, saboda haka Yuro 35 ya kusa jika 23. A shekarar nan mafi ƙanƙantar ladan awa ɗaya a Faransa Yuro 11 ne da santim 88, tun ba a cire haraji ba. Wato wajen awa uku ke nan na ɗaukar kwali cikin sanyin dare. Ga shi kuma kowane wata yakan ware wani abu ya aika wa tsohuwarsa a ƙauye. Kuɗin ba su isa su rushe gida ba, amma sun isa su rage cefanen mako.

Da ya nuna wa uwargidansa takardar, ba ta ɗauki lokaci ba. Ta ce, “Maigida, ka biya mu huta. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Ka manta baɗi za ka sabunta takardar izinin zama? Mu baƙi ne. Me ya kai baƙo jayayya da hukuma a kan abin da bai kai kuɗin buhun shinkafa biyu ba?” Ba rowa ko ragwanci ya sa ta faɗi haka ba. Ta sha tsayuwa a layin ofisoshi, ta san yadda takarda ɗaya takan tsayar da rayuwar gida duka. A ganinta sunan mijinta ya fi kyau a inda ba a ambace shi ba.

Ran Asabar ya kai maganar wurin wani dattijo, mutumin garinsu, wanda ya daɗe yana tuƙin tasi a ƙasar. Dattijon ya yi dariya ya ce, “Ƙanena, kada ka ba su ko sisi. Amma ka sani, za su ce akwai wata na'ura a kusa, me ya hana ka zuwa can? Saboda haka ka rubuta cewa ka je ta biyu, ita ma a mace ka same ta. Wa ya gani? Su da suka bar akwatinsu ya lalace, ai su suka fara cuta.” Mutumin ya yi godiya ya tashi, amma maganar ta tsaya masa a rai. Shi dai ya san bai je wurin wata na'ura ba. Bai ma san ko akwai ta ba.

Ta ukun masu shawara ƴarsa ce, mai shekara 16. Ita ba ta ce a biya ba, ba ta ce a ƙi ba. Ta ɗauki takardar ta karanta ƙananan rubutun da ke bayanta, tana fassara masa sannu sannu. Ga abin da suka gane. Yana da wata uku ya biya. In ya wuce wannan za a ƙara masa aƙalla Yuro 50, bashin ya zama 85. In bai yarda da tarar ba, yana da wata ɗaya tak ya rubuta ƙorafi zuwa ga hukumar garin ko kamfanin da ta ba aikin, ta wasiƙa mai rajista ko ta intanet, tare da kwafin takardar tarar da na takardar mallakar mota. Su ma suna da wata ɗaya su amsa. In sun yi shiru, doka ta ɗauka sun ƙi, gama a nan ma shiru magana ce. Daga nan yana da wata ɗaya kuma ya kai ƙara wata kotu ta musamman da ke birnin Limoges, wadda ke duba irin wannan shari'a ta ƙasar duka, ta hanyar takardu. Da can sai mutum ya biya kafin kotun ta saurare shi, amma ran 9 ga Satumba na 2020 Majalisar Tsarin Mulki ta Faransa ta soke wannan sharaɗi.

Abu biyu a cikin karatun nan suka sassauta masa zuciya. Na fari, rubuta ƙorafi ba ya tsayar da kwanakin biya, amma biya ma ba ya rufe ƙofar ƙorafi. Mutum yana iya biya don ya tsira daga ƙari, ya kuma nemi a mayar masa da kuɗinsa. Na biyu, yarinyar ta ce, “Baba, wannan ba shari'ar laifi ba ce. Ba a rubuta ta cikin littafin masu laifi. Su da kansu suka buga adireshin da za a kai kuka.” Rashin sani ya fi dare duhu. Tsoron da ya cika gidan kwana uku ashe rabinsa na rashin karanta bayan takarda ne.

Duk da haka tambayar ba ta ƙare ba. Ran Lahadi da la'asar ya koma titin da ƙafa. Na'urar tana nan yadda ya bar ta, baƙa, ba ko takardar sanarwa a jikinta. Ya bi titin yana ƙirga sawu. Da ya kai taki 280, bayan ya sha kwana, sai ga wata na'ura tana haske, lafiyarta lau. Daga inda ya ajiye mota ba a hango ta, gini ya kare. Ya tsaya ya dube ta. Ashe gaskiyar dattijo: akwai ta biyu. Kuma abin da masu duba ƙorafi suke tambaya ke nan, ko akwai wata na'ura mai aiki a nesa da ba ta wuce kima ba. Taki 280, kusa ne ko nesa? Ga saurayi marar uzuri kusa ne. Ga mai riƙe da hannun yaro, saura minti goma, wanda bai ma san da ita ba, magana ta bambanta. Amma ba shi ne zai yanke wannan ba.

A hanyarsa ta komawa gida ya jera hanyoyin uku a zuciyarsa. In ya biya ya yi shiru, ya sayi kwanciyar hankali, amma ya sa hannu a kan abin da bai faru ba, wato cewa ya ƙi biya da gangan. Kuma na'urar za ta ci gaba da zama tarko. Ya tuna da mutanen da ya gani a ɗakin jiran likita, tsofaffi da mata masu goyo, waɗanda yawancinsu a titin nan suke ajiye mota. In kowa ya biya ya yi shiru, wa zai gaya wa masu gari akwatinsu ya mutu? In kuwa ya bi ta dattijo, wataƙila ya ci nasara, amma ƴarsa ce za ta buga wasiƙar a kwamfuta, gama ta fi shi Faransanci. Zai zauna kusa da ita ya ce ta rubuta ya je inda bai je ba. Yarinyar nan ita ce yake tambaya kullum inda ta tsaya bayan an tashi makaranta, yana so ta gaya masa gaskiya. Ya ga Yuro 35 ba su kai wannan ciniki ba.

Sai hanya ta uku ta rage, ita ce mai wuya, domin ba ta da tabbacin riba: ya faɗi abin da ya faru duka, har da wanda bai taimake shi ba. Da dare suka zauna. Wasiƙar ba ta cika shafi ɗaya ba. Ya ba da rana da sa'a da sunan titi da lambar da ke jikin na'urar. Ya ce ya gwada katinsa sau uku. Ya haɗa da hoton, wanda ke ɗauke da ranarsa da lokacinsa, da takardar ganin likita. Ya ce ba shi da hanyar biya ta waya. Sa'an nan ya ƙara da cewa daga baya ya gano wata na'ura a bayan kwana, taki 280 daga wurin, wadda ba a gani daga inda ya tsaya, kuma ba wata alama da ke nuna ta. Bai zagi kowa ba, bai yi roƙo ba. A ƙarshe ya ce har ran Lahadi na'urar ba ta aiki, ya kamata a duba ta. Yarinyar ta ɗaga kai ta ce, “Baba, in ka faɗi ta biyun, ai ka ba su sanda.” Ya ce, “Rubuta, ƴata. Su ma sun san inda suka kafa abinsu.”

Bai yi watsi da maganar uwargida ba. Da albashi ya shigo ya biya Yuro 35 ɗin, don kada ƙarin 50 ya same su a barci. Ya kuma yi mata alkawari cewa in an ƙi, za su zauna su sake shawara kafin a yi zancen Limoges. Gama neman hakki ma yana da ma'auni. Wanda zai ɓata barcin wata shida a kan ladan awa uku, ya kamata ya tambayi kansa ko hakki yake nema ko kuwa fushi ne yake kiwo.

Ana saura kwana biyar watan ya cika sai amsa ta zo. Sun ce bayanan da ke wurinsu sun nuna na'urar ba ta aiki a ranar da sa'ar da ya faɗa, sun soke tarar, za a mayar masa da kuɗinsa. Irin waɗannan na'urori na zamani a haɗe suke da ofis, ana iya sanin wadda ta tsaya da wadda ke karɓar kuɗi. Da ya bi shawarar dattijo, da littafin da ya wanke shi a kan ta fari shi ne zai tona shi a kan ta biyu. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Amma kada mai karatu ya ɗauka kowane mai gaskiya haka yake ƙarewa. Akwai waɗanda suka rubuta gaskiya tsantsa aka ƙi su, akwai waɗanda ba a ko amsa musu ba. Da an ƙi mutumin nan, da wasiƙarsa tana nan da darajarta, domin tun daren da aka rubuta ta ta gama yin babban aikinta a cikin gidan. Matarsa ta ga ana iya yi wa hukuma magana da ladabi, rufin ɗaki bai faɗo ba. Ƴarsa ta ga ubanta ya ajiye hujjar da ke gāba da shi a kan tebur da hannunsa.

Wanda irin wannan takarda ta same shi, a kowace ƙasa yake, bari ya fara da juya ta ya karanta bayanta, ya rubuta ranar da wa'adi zai cika a inda zai riƙa gani. Ya tattara shaidarsa tun abin yana da ɗumi. Sa'an nan ya tambayi kansa ko zai iya ba da labarin duka, ba ragi ba ƙari, a gaban ƴaƴansa. In zai iya, ya rubuta, ko da kuɗin kaɗan ne, gama na bayansa ma za su amfana. In labarin ba ya tsayawa sai an tokare shi da ƙarya, to, ya biya ya kama gabansa.