Akwati biyu, kwantar ɗaya

A wata unguwa ta Maraɗi akwai wani ma'aikacin gwamnati mai mata biyu, wanda ya shekara ashirin yana alfahari da cewa bai taɓa shigo da turmin atamfa ɗaya gida ba, sai dai biyu. Ranar da ya aza wa uwargida akwatin ɗumama abinci a madafa, wannan da Faransawa ke kira mikro-ond, amarya ba ta ce uffan ba. Shirun nan ya ci masa rabin albashi, don kafin sati ya kewayo na biyu ya iso.

Akwatin kansa abin al'ajabi ne. Wani injiniya Ba'amurke, Percy Spencer, shi ya gano sirrinsa a 1945, kuma na farkon da aka sayar a 1947 ya zarce kilo 300. Babu harshen wuta a cikinsa. Wasu igiyoyi ne da ido ba ya gani ke girgiza ruwan da ke jikin abinci har ya ɗau zafi. Ba sa kutsawa can ciki, shi ya sa malmalar tuwon jiya kan fito bayanta na ƙuna, tsakiyarta da sanyi, in ba a yanka ta an yayyafa mata ruwa ba. Ƙarfe kuwa tartsatsi yake jawowa, don haka kwanonin da matan suka zo da su ranar aure ba su da shiga.

Rigimar ta ɓullo ne a wani dare na bazara. Kowace ta danna nata a lokaci guda, firigo na aiki, bantilatar uku na juyawa, sai gida ya yi duhu ɗif. Aka tayar da maɓallin kwantar, ya sake faɗuwa. Uwargida ta ce ai kafin zuwan na biyu ba a taɓa ganin haka ba. Gaskiya ta faɗa, kuma gaskiyar ce ta fi ciwo.

Mai gyaran kuran ya yi lissafin a bayan wata tsohuwar takarda. Akwatin da aka rubuta wa wat 800 yakan ja wajen 1.200 daga bango. Biyu sun tashi 2.400, alhali kilowat 3 kaɗai gidan ya yi rajista. Ga shi an haɗa su a rallonji ɗaya mai siririyar waya, wadda roba ta fara narkewa a bakinta.

«Alhaji, ko ka ƙara ƙarfin kwantar, a ja wa kowane tasa waya, ko su riƙa yi bi da bi. In an ci gaba haka, gobara ce.»

Maigida ya dubi kuɗin, ya kuma tuna watannin da Nijeriya ta yanke wa Nijar kuran, daga Agustan 2023 zuwa Maris 2024, lokacin da gawayi ya ciyar da gidaje masu yawa. Bai ƙara komai ba.

Yau mai girki ita ke kunna nata. Na ɗayar yakan kwana biyu a cire, an lulluɓe shi da ƙyalle mai ado, a ciki kuma ana ɓoye sukari da burodi saboda kiyashi.