Zakkar ilimi ba ta jiran rigar lauya

'Ya'yana masu karatun shari'a, ku matso in faɗa muku abin da shekaru suka koya mini. A ƙasar Fika, daga Gadaka har Ngalda, na ga talakawa da yawa sun yi asarar gona ko gado, wasu sun kwana a tsare, alhali gaskiya tana hannunsu. Abin da ya kayar da su rashin wanda zai ce musu ga haƙƙinku, ga ƙofar da za ku ƙwanƙwasa. Rashin sani ya fi dare duhu.

Manomi nawa ne ya san tsarin mulkin 1999, a sashe na 35, ya ce wanda aka kama a kai shi gaban alƙali cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40? Uwa nawa ce ta san dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana a kama mutum a madadin ɗan'uwansa, ko kuwa beli kyauta ne? Tun 1976 gwamnatin tarayya ta kafa hukumar ba marasa ƙarfi lauya kyauta, amma har gobe akwai wanda zai sayar da sansa a kasuwar Potiskum don biyan abin da doka ba ta ɗora masa ba.

Ku kun san waɗannan tun kuna aji, kuma kuna da magabata. A 2005 Jami'ar Maiduguri tana cikin jami'o'i huɗu na farko a Najeriya da suka buɗe ofishin da ɗalibai ke sauraron koken jama'a kyauta, malamansu na duba aikin. Ɗaliban irin waɗannan ofisoshi kan shiga gidajen yari, inda akasarin mazauna jiran shari'a suke yi, su binciko fayil ɗin da aka manta, su miƙa wa lauya.

To, in kun dawo hutu daga Damaturu ko Maiduguri ko Zariya, ku zauna da mutane. Ku saurari bazawarar da aka hana tumunin takabarta har ta kai aya. Ku yi mata bayani da Bolanci ko Hausa, ku rubuta mata takardar koke, ku raka ta wurin da ya dace. Kada ku karɓi ko goro.

Amma ku san iyakarku. Ɗalibi ba ya tsayawa gaban alƙali a madadin kowa, kuma ba ya alkawarin nasara. Abin da ya fi ƙarfinku ku kai wa malaminku. Sirrin da aka ba ku amana ne, kada ya fita a majalisar shayi. In sulhu zai yiwu a gaban mai unguwa ba tare da an danne mai rauni ba, ku fifita shi, domin 'yan'uwan da suka yi shari'a kan gona sukan daɗe ba su gaisa ba.

Kuɗi za su zo a bayan rigar, in Allah ya so. Tausayin talaka kuwa, wanda bai koye shi yana ɗalibi ba da wuya ya koye shi yana babban lauya. Allah ya yi muku albarka.