Furannin Minjibir, Daga Bakin Dam Zuwa Cikin Gona

Yawancin mutanen birnin Kano da ke zuwa Minjibir da kyamara ko babbar waya a hannu, bakin dam ɗin Wasai suke nufa. A nan wurin shaƙatawar nan yake da ake kira Minjibir Park, inda ranakun hutu da lokutan Sallah za ka tarar iyalai sun baje tabarmi, 'yan makaranta na guje-guje, ango da amarya ana ta gyara musu tsayuwa. Akwai ciyawar da ake ba ruwa, akwai shuke-shuken ado. Mai neman hoton fure ba zai koma hannu rabbana ba. Sai dai irinsu ne zai gani a ƙofar otal ko a gidan wani mai hali a Nasarawa. Abin da Minjibir ta fi birni da shi yana bayan shinge, a cikin gonaki.

Ƙasar nan ba ta da sauran daji. Tana cikin yankin da ya kewaye Kano, wanda masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya fara nazarinsa tun shekarun 1960, inda gona ke manne da gona, ana noma ta kowace damina ba hutu, taki ne ke riƙe da ita. Duk bishiyar da ka gani a tsaye, gawo ce ko ɗorawa, kuka ce ko tsamiya, da gangan aka bar ta. Haka ma fure. Kusan kowanne yana da mai shi, kuma mai shi yana lissafi a kansa.

A watan Satumba na fi son zuwa, kuma da sassafe, domin wake ba ya jiran mai dogon barci. Hudarsa tana buɗewa da asuba, kafin rana ta take ta tsuke bakinta. Sai ka durƙusa tsakanin kunya da kunya, a ƙarƙashin karan gero, gwiwarka ta jiƙe da raɓa, sannan za ka ga yadda take: fara ko mai ruwan shuɗi-shuɗi, da ɗan ɗigon rawaya can ciki, ƙudan zuma na kai da kawo. Hasken wannan lokaci mai taushi ne, iska ba ta tashi ba, waya ma tana iya fitar da jijiyoyin furen idan ka riƙe numfashi ka matsa a hankali. Kuɓewa kuwa mai sauƙin kai ce ga ɗan koyo. Furenta babba ne, rawaya mai haske, tsakiyarsa ja wur har ya yi duhu, kuma yini guda yake yi. Na riɗi yana rataye ne yana kallon ƙasa, dole ka kwantar da wayar ka ɗauko shi daga ƙasa.

Kafin duk wannan, a yi sallama. Gona ba filin Allah-ba-ku ba ce. Ka gaida mai ita, ka faɗi abin da ya kawo ka, ka bi ta kwari kada ka taka shuka, kuma idan mata na tsinkar ganye a gefe, ka juya kyamarar wani wajen. Ban taɓa ganin an hana wanda ya tambaya ba.

Furen da ya fi kowanne ɗaukar ido a gonakin nan shi ne na ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta. Daga nesa za ka hango shi ya yi layi a gindin dawa, ja mai ruwan hoda, a jere bisa siririn kara. Baƙo yana ganinsa sai ya zaro waya. Wani dattijo da na tarar yana tuge shi a hanyar garin Kunya ya dube ni ya ce, "Malam, wannan ne ya burge ka?" Na ce, "Baba, yana da kyau a ido." Sai ya nuna mini dawar da ke kusa da shi, ta tsumbure, ganyenta ya ƙone tamkar an yi fari alhali ƙasa a jiƙe take.

Ƙuduji ba ya neman abincinsa da kansa. Saiwarsa tana maƙale wa saiwar gero ko dawa ko masara tana tsotsa, kuma kafin ya leƙo sama ya riga ya yi yawancin ɓarnarsa. Tushe ɗaya yana zubar da iri dubbai masu yawa, ƙanana kamar ƙura, suna iya kwanciya cikin ƙasa fiye da shekara 10 suna jiran hatsi. Ya fi ƙarfi inda ƙasa ta gaji. Shi ya sa manomi mai lura yake tuge shi yana cikin fure, kafin ya yi iri, ya tara ya ƙone. Akwai wani ɗan'uwansa gajere mai ƙananan furanni da ke bin wake, kuma a nan Minjibir ɗin, a gonar gwaji ta cibiyar binciken noma ta IITA, an yi shekaru ana gwada irin waken da zai jure masa. Ina ganin wanda ya ɗauki hoton ƙuduji ya sa a Facebook ya kamata ya rubuta sunansa da aikinsa a ƙasa. Yaran birni da yawa suna cin tuwon dawa ba su san abin da ke cin dawar ba.

A bakin ruwa akwai bado, fari tas a kan faffaɗan ganye, shi ma da safe ya fi buɗewa. Hotonsa yana fita da kyau ƙwarai, amma ruwan da ke ƙarƙashinsa na kogin Jakara ne, wanda ya ratso cikin birni ya kwaso dattinsa, ya haɗu da na masana'antun Bompai, kafin ya taru a dam ɗin da aka gina a 1976. Da shi ake ban-ruwan lambuna, a cikinsa masunta ke jefa koma. Wannan yana damuna duk lokacin da na tsaya a wurin.

Wanda bai samu zuwa da damina ba, kada ya ce ya makara. Da kaka ta wuce, sauran itatuwa na shirin kaɗe ganye, lokacin gawo ke yin kore shar ya fitar da hudarsa mai ƙamshi. Wajen Fabrairu zuwa Maris ɗorawa za ta rataya jajayen tuntayenta a dogayen igiyoyi, sai dai suna can sama, wayar hannu ba ta kai musu sosai, ana bukatar kyamara mai jawo nesa. Kuka kuma sai gab da faɗuwar damina, kuma da magariba take buɗe farin furenta domin jemagu. Mai son hotonsa sai ya nemi masauki a garin, ya tanadi tocila.